Rasuwar Baba Jamus, Laftof ɗin Gidan Malam Sanni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai ƙaiƙayin mari, ni Barkisu, babbar 'yar marigayi Malam Sanni na unguwar Asawase a Kumasi, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar laftof ɗin gidanmu, wanda aka fi sani da Baba Jamus. Ya cika ranar Talata, jim kaɗan kafin la'asar, yana da shekara goma sha uku a duniya, tara daga ciki a hannuna. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Ƙanena Suraj ne.

Marigayin ya shigo ƙasar nan daga Jamus cikin kwantena, bayan wani Bature ya ci ƙuruciyarsa ya yar. Na ɗauko shi a shagunan Adum da tabo a murfi, batirinsa ba ya kai minti ashirin. Duk da haka bai taɓa ba ni kunya ba. Shi ya buga sakamakon jarabawar Islamiyyarmu shekara da shekaru, da katin suna da na aure na rabin layinmu. In aka kunna shi yakan yi gyaran murya, firrr, tik, tik, ya ɗauki lokacin da mutum zai yi alwala, sannan ya buɗe ido. Dattijo ne, mun kuma bar shi da dattakonsa.

Babbar amanarsa ita ce muryar babanmu. Shekara ashirin da biyu Baba yana tafsiri a masallacin unguwa duk azumi, ana ɗauka a kaset. Wata huɗu na yi ina kwashe su cikin Baba Jamus, damina biyu kafin ambaliya ta shiga ɗakin littattafai ta lalata kaset ɗin kaf. Tun da Baba ya rasu, kullum bayan la'asar mahaifiyarmu, Mma Rakiatu, takan zauna a tabarma, ta shafa turare, ta yafa mayafinta mai kyau, ta ce in kunna mata Malam. In ya yi ɗan tarin nan nasa kafin bisimilla, sai ta ce, "Sannu, Malam." Shekara uku ke nan idonta ba ya gani. Kunnen ne ya rage mata.

Ciwon ajali ya shigo gida da ƙafarsa. Suraj, mai shekara talatin da shida, wanda ya zama injiniya saboda ya yi mako uku yana zaman banci a rumfar wani mai gyaran waya a Krofrom, ya dubi marigayin ya ce, "Yaya, tsarin laftof ɗin nan naki ya tsufa paa. Kowa ya koma sabo. Firi ne, minti talatin an gama." Marigayin da kansa ya rubuta a fuskarsa cewa jikinsa ba zai ɗauki sabon tsarin ba. Suraj ya ce tsoro ne kawai, ya ga yadda ake tilasta musu a bidiyo. Sau biyu aka tambaye shi ko ya yarda a share duk abin da ke ciki, da Turancin da ɗan aji uku zai karanta. Sau biyu ya danna eh, ɗaya hannun na cikin ganyen waakye yana damƙar shinkafa da wake.

Saboda masu tambayata ko ya kamata su ma su sabunta nasu, ga abin da muka samu. Gefen akwatunan rubutu ya zama kewayayye. Akwai hoton wani dutse mai ƙanƙara. Akwai wata 'yar alama a ƙasa da ta sanar da ni cewa ana zafi a Kumasi, ina zaune ina sharce gumi. Kwana biyu marigayin ya yi yana jan wannan kaya, fankarsa na kuka wiii, wiii, cikinsa fayau, babu tafsiri ko na rabin sura. A na uku ya yi tik sau ɗaya, fuskarsa ta yi baƙi. Masu gyara uku sun buɗe shi, kowanne ya ce abin da aka share sabon tsarin ya hau kansa, ba ya dawowa.

Ya rasu ya bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzami da ba ya jin danna hagu, da firinta wadda ba ta san kowa ba sai shi. Ya kuma bar hotuna ɗari huɗu da sha biyu na Suraj sanye da baƙin tabarau, jingine da motocin mutane. Su kaɗai injiniyan ya tuna ya kwafe kafin ya fara aiki, don haka jama'a su kwantar da hankali, ba a yi asarar ko ɗaya ba.

Ban wanke kaina ba. Shekara bakwai ina cewa gobe zan kwafi tafsirin a wani wuri, kuma ni na miƙa laftof ɗin da hannuna. Wannan zai ci ni har in mutu. Amma ni ban taɓa kiran kaina injiniya ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Suraj ne zai ɗauki gawar a ka, a ƙafa, daga ƙofar gida har wajen masu sayen tsoffin ƙarafa a Aboabo. Duk direban trotro, motar haya, da ya tsaya masa, ban yafe ba. Babu goro, babu masa, babu addu'ar uku. Masu ta'aziyya su riƙe shawararsu ta bakof, wai da na ajiye kwafi, na ji ta sau arba'in.

Saura abu ɗaya. A gidanmu, wanda mutum ya cika a hannunsa shi ke shiga ya gaya wa matar gida. Kwana biyar ke nan ina ce wa Mma caja ce ta lalace, jiya har ta ce, "To a gaishe shi, kar a takura masa." Na gama ƙarya. Yau Juma'a bayan la'asar Suraj zai cire takalmi da tabarau, ya durƙusa a bakin tabarmarta, ya yi mata bayanin amfanin sabon tsari da bakinsa. Na riga na ce mata yau za ta ji labarin Malam. Tun azahar ta sa aka goge mata mayafin.