Katin Tsayawa

Ina furta wannan laifi bisa tsari, yadda ya faru. A zamanin soja ni ke kula da ɗakin kwamfutar wata cibiyar horo a Sakkwato. Karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa barin abu a karkace ba. A lokacin, kowane umarni ana huda shi a kati guda, ɗalibi kuma sau ɗaya yake samun na'ura a mako.

Ranar Alhamis Malama Rifkatu, malamar firamare daga unguwar Minanata da ke karɓar horo a wurinmu, ta kawo katunanta na jera sunayen ɗalibai. Washegari za ta miƙa aikin, in ba haka ba ta maimaita zango. Ta roƙe ni in duba mata.

Na duba. A tsakiya na ga katin da ke cewa a tsaya in sunaye sun ƙare. Na ƙarshe kuwa cewa yake a koma farko.

Na ce, "Ɗiyata, ƙarshe aka tsayawa, ba tsaka ba."

Ta ce, "Baba, haka aka koya mana."

Na ce, "An koya muku hargitsi." Na mayar da katin tsayawar can baya, inda na'urar ba za ta taɓa isa ba.

Na'urar ta buga sunaye, ta koma farko, ta ci gaba da aman takarda har ta rufe mini takalma. Sai da injiniyan cibiyar ya zo ya zare wuta. Rifkatu ta maimaita zango.

Yanzu jikoki gare ta. Duk inda muka haɗu sai ta durƙusa da ladabi ta ce, "Baba, ta tsaya kuwa?"