Rasuwar Faffaɗa, Wayar da Ta Fi Son Maƙwabci

Da zuciya mai nauyi da baƙin cikin da bai taɓa zaton waya za ta jawo masa ba, Malam Tasi'u, malamin lissafi a firamaren Tsamiyar Bunu ta ƙasar Dawakin Tofa, yana sanar da 'yan uwa, abokan aiki da 'yan majalisar gindin tsamiya rasuwar babbar wayarsa, wadda aka fi sani da Faffaɗa. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana uku a cikin buhun shinkafa, tana da shekara huɗu da wata biyu a hannunsa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. A garin da sai rana ta fito ake samun caji da sola, takan yi kwana biyu ba ta nemi komai ba. Ta riƙe makin ɗalibai aji uku ba ta taɓa haɗa na wani da na wani ba, kuma ba a taɓa jin ta yi ƙara a cikin sahu ba. Sau biyu ta faɗo daga babur a kan hanyar Makoda, ta tashi da tsaga ɗaya a kusurwa, ta ci gaba da aikinta. Mai ita yana shaida mata da wannan duka, ko da yake akwai wani abu da ta yi masa wanda har yanzu bai gama haɗiyewa ba.

Abin da ya fi fito da sunanta shi ne wasan dodanni da ke cikinta. Mutum ne aka kulle a wani tsohon gida mai ƙofa bakwai, ba shi da komai sai tocila mai raunin batir da harsashi kaɗan, ga halittu suna yawo a ɗakuna suna neman sa. Wanda ya buɗe ƙofa ta bakwai da ransa ya tsira. Kafin a fara, wasan yakan nuna layi uku, kowanne da ɗan maɓalli da ake ja da yatsa: ɗaya na saurin dodanni, ɗaya na kaifin jinsu, ɗaya na taurin ransu. A ja hagu, su yi laushi. A ja dama, su haukace. Malam Tasi'u, mutum mai tsari da ba ya son gaggawa, ya ja ukun duka zuwa ƙarshen hagu tun ranar farko. Dodanninsa kurame ne, suna tafiya kamar masu ciwon gwiwa. Duk da haka shekara uku bai wuce ƙofa ta huɗu ba, domin da zarar marigayiyar ta yi wannan ƙiiii na buɗewar ƙyaure, sai ya rikice, a cinye shi.

A farkon daminar bana ruwa ya tsare shi a zaure tare da maƙwabcinsa kuma abokinsa tun yarinta, Alaramma Muhammadu Sani, wanda ke karantar da yara a makarantar allo, gonarsa kuma iyaka ɗaya da ta Malam Tasi'u. Alaramma ya ji gurnani yana fitowa daga wayar, ya tambayi abin da ke kuka haka, aka nuna masa. Ya karɓe ta ya ɗora a cinya yadda yake ɗora allo. Da layukan nan uku suka bayyana, ya ce shi ɗan koyo ne, daga farko zai fara kamar kowa. Sai ya sa yatsa ya ja maɓallan duka zuwa ƙarshen dama, domin shi duk layin da ya taɓa karantawa a rayuwarsa daga dama yake farawa.

Malam Tasi'u ya gani. Ya buɗe baki zai gyara masa, sai ya rufe, don yana so ya ga yadda za a cinye Alaramma. Aka kuwa cinye shi kafin ya gama kunna tocila. Alaramma ya yi dariya har da share hawaye, ya ce a sake.

Daga ranar, kullum bayan La'asar yakan zo aron Faffaɗa na rabin sa'a. Ya bi wasan yadda yake bi da ɗalibansa: ɗan kaɗan yau, a maimaita har ya zauna, gobe a ƙara. Ya haddace gidan ɗaki ɗaki, ya san inda kowane dodo yake laɓewa da yawan takun da ke tsakanin ƙyaure da ƙyaure. Ba ya firgita, ba ya ɗaga murya, in an kashe shi sai ya ce laifinsa ne, ya yi gaggawa. Malam Tasi'u yana gefe yana gyaran takardun jarrabawa, yana leƙe ta wutsiyar ido, yana jin wayarsa tana fitar da sautukan da ba ta taɓa yi masa ba. Ranar da aka fara cirar gyaɗa, Alaramma ya buɗe ƙofa ta bakwai. Marigayiyar ta saki wani kiɗa mai sanyi, tilin tilin, fuskarta ta yi fari kamar gari ya waye.

Shekara huɗu Malam Tasi'u yana goge mata fuska da gefen rigarsa, yana kai ta caji, yana hana yaransa taɓa ta da hannun mai. Ba ta taɓa yi masa wannan kiɗan ba. Ta ajiye shi ta yi wa mutumin da bai san ko inda ake kashe ta ba. Mai makoki ba ya so ya yi wa mamaciya ƙorafi, amma ya ga ya dace a rubuta.

Abin bai tsaya nan ba. Alaramma ya taɓa ganin maɓallan Malam Tasi'u a hagu, sai ya je majalisa ya ba da labari da zuciya ɗaya. Ya ce kada kowa ya yaba masa, shi babbaƙu kawai ya gama, matakin 'yan koyo. Gwanin gaske shi ne Malam Tasi'u, wanda yake wasa a can ƙarshen layi inda dodanni suka fi tsanani, har ya kai ƙofa ta huɗu. Majalisa ta ɗauka. Aka fara kiransa Sarkin Dodanni, mai shayi yana ƙara masa madara ba a tambaya ba. Malam Tasi'u, wanda ke jan layi ja a ƙarƙashin kowane kuskure a littafin ɗalibi, bai gyara wannan ba. Abin da ya ce kawai shi ne: "Kai ma ka yi ƙoƙari, Alaramma."

Ciwon ajalin ya same ta ranar Asabar da safe. Malam Tasi'u ya ƙudura zai cancanci sunan da aka ba shi. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kusa da robar da maiɗakinsa Bilkisu ta jiƙa gero a ciki, ya ja maɓallan uku zuwa dama, ya gyara zama. Dodon ƙofar farko, wanda ya sani shekara uku yana jan ƙafa, ya diro masa daga saman rufi da wani irin gurrr. Masu shaida sun ce wayar ta tashi sama ta juya sau biyu kafin ta sauka cikin ruwan geron. Bilkisu ce ta tsamo ta. Ta goge ta da zani, ta miƙa masa, sannan ta tambaya a hankali ko dodon ne ya yi tsalle ko wayar.

An kwantar da ita cikin shinkafa don ta tsotse ruwan. A kwana na uku ta farka, ta yi rabin ƙiiii ɗin nan nata, ta yi shiru. Ja'afaru mai gyaran waya ya buɗe ta, ya duba, ya mayar da murfin, ya yi wa mai ita ta'aziyya.

Da ita aka rasa shaida ɗaya tak da ke nuna wanda ya yi wasa a wane gefe, kuma mai makoki yana jin kunyar faɗin cewa a cikin baƙin cikinsa ya ɗan ji sanyi. Sai ga Alaramma ya zo ta'aziyya da ƙwaryar gyaɗa sabuwar cira. Ya zauna, sannan ya ce abin da ya fi damunsa shi ne bai ga ranar da Malam zai gama gefen mai wuya ba, kuma dama yana da niyyar bayan kaka ya roƙe shi ya koya masa. Malam Tasi'u ya kasa cin gyaɗar.

Don haka yana sanar da jama'a, cikin hankalinsa, cewa hagu shi ne mai sauƙi. Dama shi ne mai wuya. Alaramma Muhammadu Sani ya gama wasan a matakin da ba wanda ya fi shi tsanani, shi kuwa Sarkin Dodanni ya maƙale a ƙofa ta huɗu tsakanin kurame. Da ya karanta wa Bilkisu wannan sashe yana jiran yabo, sai ta tuna masa cewa Alaramma ba ya karanta boko. Ta ce: "Malam, wannan ai ba faɗa masa ka yi ba, ɓoyewa ka yi da biro."

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaure da zare a wuya, rigar roba da ta koɗe, layin kira biyu da suka koma zama a tsohuwar ƙaramar wayar Bilkisu, da abin saƙalawa a kunne wanda gefensa ɗaya ya riga ta tafiya. Ta kuma bar mai ita, da maƙwabcin da ta fi so.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Juma'a bayan La'asar a gindin tsamiya. Za a kawo gawar a cikin kwalinta na asali, daga nan Ja'afaru zai tafi da ita ya cire abin da zai amfani wasu wayoyin. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai, akwai shayi da gyaɗa. Kafin a tashi, Ja'afaru zai karanta wannan sanarwa da babbar murya a gaban Alaramma, daga farko har ƙarshe, ba tsallake, Malam Tasi'u kuma zai zauna a wurin har a gama. Alfarma ɗaya yake roƙo: in Alaramma ya fara dariya, a bar shi ya gama shi kaɗai, kada majalisa ta taya shi.