Karan Sigarin Baba Lamidi

Satin da ƙaramar hukuma ta kafa allon hana shan sigari a tashar motar Sabon Gari, ni na naɗa kaina mai gadin doka. Babu wanda ya sa ni. Na dai karanta allon sau uku, na ji kamar ni na rubuta shi.

Ranar Laraba ina shirin komawa gida Fagge sai na hango Baba Lamidi, tsohon mai gyaran agogo, zaune kan benci, sigari a yatsunsa, hayaƙi na tashi ta bayan hularsa. Na gyara zaman babbar rigata, na tsaya a kansa, na ɗaga murya yadda direbobi za su ji. Na karanto masa doka, na gangaro kan ciwon huhu, har da barazanar kiran jami'ai.

Bai katse ni ba. Da na gama, ya miƙo mini karan. Ko alamar wuta babu, takardar ma ta yi dauɗa saboda riƙo.

"Ɗana, tun da na yi wa marigayiya matata alkawari ban sake kunnawa ba. Riƙewa kawai nake idan na tuna da ita."

Ashe hayaƙin na wata mai gasa masara ne a bayansa. Ita ta fara dariya, direbobi suka karɓa.

Har yau in na shigo tashar, Baba zai miƙe, ya ɗago karan da hannu biyu: "Ranka ya daɗe, Ciyaman, a duba."

Ni kuma sai in sunkuya in duba.