Ranar da Na Gyara wa Duniya Kuskurenta

Shekara ashirin ina bin littattafan ɗalibai da jan biro a Gumel. Don haka da na karanta manhajar asali mai tantance cinikin kirifto, na tarar da wani tsohon kuskuren lissafi, sai raina ya ɓaci. Na zauna na rubuta tawa tun daga farko, na gyara shi tsaf.

Ranar kasuwar Maigatari taubashina Ilu ya sayar wa wani Badamagare bijimai da kuɗin kirifto. Mutumin ya tura kuɗi, na duba kwamfutata, na ce, "Ba su shigo ba. Ilu, riƙe igiyarka."

Badamagaren ya ce, "Malam, a wayar kowa fa sun shigo."

"To kowa ya yi kuskure!"

Har gobe ni ke da gaskiya. Sai dai ashe kuskuren nan shi ne ƙa'idar da sauran kwamfutocin duniya suka yarda da ita, tawa kuwa ta ware ita kaɗai. Ilu ya ba baƙo haƙuri, ya saki shanu.

Yanzu duk ganin wata sai ya aiko: "A tambayo Malam, shi yaushe ce tasa Sallar?"