Sunan Jaririn da Ba a Haifa Ba

A kamfaninmu na intanet da ke Idu, aikina shi ne in ƙirƙiri mutanen bogi su yi ta tura wa juna saƙo, mu ga ko layi zai jure cunkoso. Abokan aikina "gwaji, gwaji" kawai suke rubutawa. Ni kuwa na ce wannan lalaci ne, ba haka mutanenmu suke cika waya ba. Na gyara zama na tsara: "Alhamdulillahi, matata ta sauka lafiya. Suna ranar Asabar a Tungan Maje."

Oga ya ce, "Ka tabbata ba zai fita waje ba?"

Na ce, "Haba Oga, ni fa injiniya ne."

Ashe lambobin da ke wayata na loda, ba na bogi ba.

Lokacin ban yi aure ba, an dai sa rana. Baban Zainab, wadda zan aura, shi ya fara kira: "Barka da arziki. Wace matar ce ta haihu?" Kafin in gama rantsuwa, wani dillali daga Gwagwalada ya turo hoton rago.

Da ƙyar aka ɗaura auren. Har yau in na shiga ofis sai Oga ya ɗago kai: "Angon ƙarni, yaron nan bai isa shiga makaranta ba?"