Yaƙin Maɓallin Rediyon Alhaji Barau

Bayan godiya ga Sarkin da Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe da roba, Ya kuma bar shi da taurin kai don jarrabawa, to ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali da basira, ku ji tarihin sadauki ɗan sadaukai, Hambali ɗan Alhaji Barau, ɗan Madugu Tanimu wanda ya tsallake Kwara da jaki saba'in ƙwayar goro ɗaya ba ta faɗa ruwa ba, ɗan Madugu Jatau wanda ya je Gwanja sau tara a ƙasa, ya dawo sau tara yana faɗa da duk wanda ya gamu da shi a hanya. Zuri'a ce ta fataken goro tun kaka da kakanni, mutanen da in an haifa musu jariri sai sun juya shi a tafin hannu sun faɗi ko marsa ne ko minu, wato babban goro ko ƙarami, kafin a yi maganar suna. A wannan gida mai daraja, cikin birnin Kano, aka wayi gari Hambali ya ce shi ba zai sayar da goro ba.

Firinta ya sayo. Ba irin wadda ke buga takarda ba, wata na'ura ce da ba ta fi akwatin talabijin girma ba, ana ba ta zaren roba mai kaurin tsinken tsintsiya daga wani babban naɗi da ke rataye a kanta, ta narka shi a cikin ɗan bakinta na tagulla, ta yi ta zuba shi layi bisa layi a kan faranti yadda magina ke ɗora tubali, har abu ya tashi da jikinsa a ɗauke shi a hannu. Ya girke ta a shagon da ke jikin zauren gidansu, ɗakin da shekara arba'in ba a taɓa ajiye komai a ciki ba sai huhunan goro, ya raɗa mata suna Ƙasaitacciya. Masu ruwaya sun tabbatar cewa a wata biyun farko ta haifa masa mariƙin makulli guda shida da ƙananan jiragen ruwa na gwaji goma sha ɗaya, a unguwar da ko kududdufin kirki babu.

Alhaji Barau kuwa ko leƙa shagon bai taɓa yi ba. In zai wuce sai ya kau da kai, in baƙi suka tambaye shi ƙarar me ke tashi a zaurensa sai ya ce injin taliyar Hambali ne. Har wata Juma'a cikin marka, ana ruwa tun safe, ya kira ɗansa, ya ajiye tsohon rediyonsa a kan tabarma tsakaninsu.

"Hambali, ka ce abin nan naka babu abin da ba ya ƙerawa?"

"Haka ne, Baba."

"To ga rediyona. Shekara goma sha ɗaya ke nan da maɓallin murɗa tasha ya fashe, da filaya nake kamo labarai. Ka yi masa sabo kafin Juma'a mai zuwa. In ka yi, shago naka ne, ba na sake magana. In ba ka yi ba, ka kwashe tarkacenka huhuna su koma ɗakinsu, ranar Asabar kuma ka bi ni kasuwar Mariri ka zauna a rumfa kamar kowa."

Sai gwarzon ya miƙe, ya bugi ƙirji, ya ce ko maɓalli goma ake so an gama. Ga shi nan, Hambali na Barau, mai sukurudireba a bayan kunne, dodon noti, angon faranti, wanda ya ƙi goro ya auri roba! Amma ni da nake rubuta wannan tarihi na san cika baki ne kawai, domin duk duniya babu abin da yake tsoro kamar zaman rumfa, yana ƙirga ƙwaryar goro 'yan uwa na yi masa kallon wanda ya je yawon banza ya dawo.

Asabar da Lahadi ya ɓata su wajen auna ɗan ƙarfen da maɓallin zai hau da zana siffarsa a kwamfuta. Ranar Litinin da hantsi aka buga tambarin yaƙi. Ya ɗaura jan zare, ya hura wa bakin tagulla zafi har digiri ɗari biyu, ya danna umarni, ya ja da baya ya harɗe hannu yana jiran mu'ujiza. Ƙasaitacciya ta yunƙura, ta fara zuba layin farko cikin natsuwa da ƙasaita, sai aka ji ɗas. Aka sake jin ɗas-ɗas, kamar an jefa gishiri a wuta, wani ɗan tururi ya tashi daga bakinta, zaren ya fara fitowa da kumfa yana tsinkewa, yana jan gashi ta ko'ina. Da ta gama, abin da ke kan faranti ya fi kama da taliyar da kaza ta tona, wato dai maganar Alhaji ta tabbata tun a karon farko.

Nan aka shiga Gumurzun Faranti, wanda marubuta suka yi saɓani a kan tsawonsa, wasu suka ce awa huɗu, wasu suka ce har la'asar sakaliya. Jarumin ya yanke hukunci cewa faranti ne ya karkace, ya zaro takarda ya zura tsakaninsa da bakin tagulla, ya bi kusurwa huɗu yana murɗa noti yana jan takardar yana sauraron yadda take gogawa, ya ɗaure na gabas na yamma ya saki, ya ɗaure na yamma na kudu ya yi tawaye, ya zagaya sau goma sha bakwai har takardar ta huje ya yago wata daga kalandar bango. Ya sake danna umarni. Ɗas, in ji Ƙasaitacciya.

Ranar Talata aka yi Waƙi'ar Bakin Tagulla. Ya ce toshewa ce, ya ɗauko allura siririya ya durƙusa ya tsokane hudar, ya tura zare ya fizgo, ya tura ya fizgo, daga nan ya ɗauki sifana ya kwance bakin gaba ɗaya da zafinsa, kuma a cikin zafin nama irin na magabatansa ya tare shi da babban yatsa lokacin da zai faɗi. A nan ne ya yi shahararren kirarinsa wanda aka ji har gida na uku:

"Wayyo Allah yatsana! Allah Ya isa!"

Ya naɗe yatsan da tsumma ya koma fagen fama, ya saka sabon baki fil. Ɗas-ɗas ɗin bai fasa ba, sai ma ƙaruwa da ya yi.

Laraba ita ce ranar babbar musiba, ranar da sadaukin ya rantse sai ya ga hanjin Ƙasaitacciya. Ya ɗaure bel, ya shafa giris a sanduna, ya hure ƙurar fanka, ya goge haƙoran da ke jan zare da tsohon buroshi, ya wanke faranti da sabulu, daga bisani ya wargaza ta ɗungurungum ya baje sassanta a tabarma, ya kwance noti arba'in da uku ya mayar da arba'in da ɗaya. A tsakiyar wannan ɗauki-ba-daɗi ya ga wani ɗan zaren buhu maƙale a jikin naɗin roba, ya cire shi ya hure ya ci gaba da zagin bel. Kaico, Hambali! Da ɗan fatake ne na gaske, da ya shinshina. Da yamma Ƙasaitacciya ta fara wani abu mai kama da maɓalli, ya kai rabi, masu wuta suka ɗauke. Da ya ɗaga shi ya matsa da yatsa sai ya ruguje kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, ya ji warin rumfar Mariri a hancinsa, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Al'adar Hambali ce in ya dawo sallar asuba ya koma barci sai hantsi. Ranar Alhamis damuwa ta hana shi, gari na fara haske ya nufi shago. Ya tarar da ƙofa a buɗe. Alhaji Barau, wanda kowa ya ɗauka bai taɓa leƙa shagon ba, yana tsugune a gaban Ƙasaitacciya da buta a hannu. Ya sauke naɗin zaren, ya shimfiɗa masa ganye, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar algarara, buhun nan da ake rufe goro da shi don kada ya bushe, yana yayyafa masa ruwa da yatsu a hankali yana gyara gefe-gefen.

"Baba, me kake yi?"

Tsohon ya zabura, buta ta kusa suɓuce masa, sannan ya haɗe rai.

"Me ka ga ina yi? Ɓarnarka nake gyarawa. Abin da aka ɗauko tun daga ƙasar waje a jirgi, ka rataye shi tsirara a gaban fanka? Ko minu ba a yi wa haka. Tun ranar Juma'a nake rufe shi in ka tashi da magariba, in yayyafa masa ruwa da asuba, in mayar maka kafin ka farka. Ba don ni ba da tuni ya bushe ya mutu."

Hambali ya dubi yatsansa mai tsumma, ya dubi noti biyun da suka rage a tabarma, ya tuna ɗas-ɗas da tururi, ya gane ruwan da zaren ya sha ne ke tafasa a bakin tagulla. Fushi ya taso masa. Sai idonsa ya faɗa kan algararar, ya ga ita ce wadda Alhaji ke rufe daushensa da ita, wadda ko matan gidan ba su isa su taɓa ba. Fushin ya bi iska, ƙwalla ta cika masa ido, domin a ranar ya san tsohon ba ya so ɗansa ya sha kaye.

"Baba, shi wannan ruwa ne ke kashe shi. Bushewa yake so."

Alhaji ya dubi naɗin, ya dubi butar. Ya yaye algarararsa ya saɓa a kafaɗa.

"Abin da ke son bushewa ai ba kayan arziki ba ne. Wa'adi dai gobe, ban ƙara ko yini ba."

To ga zare jiƙe sharkaf, ga sama ta ƙi buɗewa, rana ko leƙowa ba ta yi. Sai gwarzon ya rungumi naɗinsa ya yi hijira zuwa bayan gida, ya nemi ɗauki wajen Gwaggo Tabawa, ƙanwar Alhaji, mai gurasa, uwar tanderu, wadda hannunta ya shekara talatin yana shiga wuta yana fitowa lafiya.

"Roba a tanderuna? In sayar wa mutane gurasa mai warin silifa? Kai da ubanka duk kanku ɗaya, shi ya jiƙa kai ka gasa."

Ya yi ta magiya, Gwaggo don Allah, Gwaggo ki rufa min asiri, har ta gama gashin ƙarshe wuta ta mutu. Ta ɗauki naɗin ta sa a fanteka, ta ɗora a bakin tanderu ta rufe da faifai, ta kara bayan hannunta a jiki ta ce in hannunta ya jure robarsa ma za ta jure. Awa biyar tana juya shi lokaci-lokaci tana mita, shi kuma babban barden yana tsugune a gefe yana cin ƙonanniyar gurasa da ta ba shi don ya yi mata shiru.

Ranar Juma'a da safe aka yi karon ƙarshe. Ya ɗaura zare, ya danna umarni, ya riƙe numfashi. Ƙasaitacciya ta zuba layi na farko, na biyu, na hamsin, sumul, ba ɗas ba tururi, kuma masu wuta, cikin wani ikon Allah da har yau ba a gano dalilinsa ba, suka manta ba su ɗauke ba. Bayan minti arba'in da bakwai ganimar yaƙi ta tsaya a kan faranti: ɗan jan maɓalli mai tsaga-tsaga a gefe, girmansa bai wuce ƙaramin goro ba.

Da aka sauko daga masallaci ya kai shi zaure da hannu biyu, ya durƙusa. Alhaji Barau ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya shinshina, ya ɗan gwada shi da farce. Ya ɗora a kan ƙarfen rediyo, ya shige daram. Ya murɗa, tasha ta fito tangaram, ana karanta sanarwar ɗaurin aure. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Sannan ya zare shi.

"Baba, bai yi ba ne?"

"Ya yi. Shi ya sa. Abu mai kyau haka, hannu zai cinye shi."

Ya zaro ɗan ƙyallen algarara mai danshi daga aljihu, wanda yake ajiye goron da shi kansa yake ci, ya kwantar da maɓallin tsakanin fari biyu da ja ɗaya, ya naɗe ya mayar aljihun ƙirji ya dafa. Ya jawo filaya ya kamo tasharsa.

Hambali yana durƙushe ya tambaya, "To huhunan fa, Baba?"

"Waɗanne huhuna? Ai tun ranar Talata na sa aka kai su ɗakin baya. Tashi ka ba ni wuri, ana labarai."

A nan masu ruwaya suka ajiye alƙalami. Shago ya zauna hannun Hambali, yatsa ya warke da tabo, noti biyun nan ba a taɓa gano mazauninsu ba. Har yau da filaya ake kamo tasha a gidan Alhaji Barau, maɓallin kuma kullum da asuba sai an yayyafa masa ruwa.