Ƙofar Kifi Mai Jiran Ɗaya ga Yuni

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Lantarki na Madatsar Rafin Belo,

Bayan gaisuwa irin wadda mai ƙwan fitila ɗaya ke yi wa mai riƙe da makunni, ni ne Orel Doiron, mai rumbun gishirta kifin gasfaro. Da ragar aro na fara, yau gangunan kifina har Haiti suke zuwa. Ban wuce sakandare ba, a yi haƙuri da tambayoyina.

Na ɗaya. Mun gode da matakalar da kuka gina wa kifi don ya haura madatsarku. Sai dai ƙofarta ba ta buɗuwa sai ɗaya ga Yuni, shi kuwa gasfaro, don rashin tarbiyya, da ruwa ya yi ɗumi a Mayu yake baro teku ciki fal ƙwai. Ko an aika masa da kalandar kamfani?

Na biyu. Kifin nan taurin kai ne da shi, ranka ya daɗe. Tafkin da aka ƙyanƙyashe shi, nan yake komowa ya zuba ƙwai, bayan shekara huɗu a teku. Shekara uku a jere ya tarar da ƙofa a kulle bai kai ga tafkin ba, bana ce ta huɗu. Waɗanda ke cunkushe a gindin madatsa yanzu, har ruwan ya yi baƙi, su ne 'yan autan tafkinmu. Babu na baya.

Na uku. Tsuntsayen teku na godiya. Sun yi ƙibar da tashi ke musu wuya.

Na huɗu. Ranar Lahadi bayan coci muka ɗebi kifin a bokiti muna haurar da shi, mai gadinku ya kore mu, wai wurin na ma'aikata ne kaɗai. Tsohuwa Filomen ta miƙa masa bokitinta ta ce, "To ɗan nan, tunda kai ma'aikaci ne, karɓi ka hau. Kakarka ma da wannan kifin ta yaye ubanka!" Bai karɓa ba. Shin ɗaukar bokiti ma sai Yuni?

Roƙona a ɗaga ƙofar makon nan. In ba hali, kada ran mai girma ya ɓaci. Baɗi ku buɗe ta a ranar da kuka so, da jawabi da yanka ƙyalle. Babu kifin da zai riga ku zuwa, ni ma rumbuna ba zai ƙara damun ku da ƙarni ba.

Naka mai biyayya, da hula a hannu,
Orel Doiron